Nazarin Lamari: Yadda Sunayen Faya-fayai Suka Jinkirta Girka Rumbun Bayanai a Wata Cibiyar Kuɗi a Yamai

## Asalin lamarin

Cibiyar da wannan nazari ya shafa wata ma'aikatar ajiya da bayar da bashi ce mai hedikwata a Yamai, tana kuma da rassa a Tawa da Maraɗi da Damagaram. Dukan rassan suna aiki ne da rumbun bayanai guda na Oracle, wanda ke zaune a kan babbar kwamfuta ɗaya tilo a ɗakin na'urori na hedikwata. Duk ranar da kwamfutar ta tsaya, mai biyan kuɗi a Tawa ba ya iya duba asusun kowa, sai dai ya bai wa mutanen da ke layi haƙuri su koma gida. Wannan ne ya sa shugabannin cibiyar suka amince a sayi manyan kwamfutoci biyu da za su riƙe rumbu ɗaya tare, tsarin da Oracle ke kira RAC, domin idan ɗaya ta faɗi ɗayar ta ci gaba da aiki.

Sharaɗin wannan tsari shi ne na'urorin biyu su riƙa ganin faya-fayan ajiya guda, suna karatu da rubutu a kansu lokaci ɗaya. Saboda haka aka sayi akwatin ajiya mai kwantarola biyu, da siwic biyu na wayar gilashi da ke haɗa akwatin da na'urorin. Kowace na'ura tana da mashiga biyu, kowace mashiga tana isa ga kwantarola biyun, wato hanya huɗu ke nan zuwa kowane faifai. An zaɓi Oracle Linux da Oracle Database 19c, wanda ya fito a 2019, tare da ASM, sashen Oracle mai kula da faya-fayai, wanda tun fitowar 11g Release 2 a 2009 yake iya ɗaukar har rajistar gungun na'urori, inda ake ajiye saitin gungun, da fayilolin ƙuri'a, waɗanda ake tantance na'urar da za ta zauna a gungu da su.

Mutum uku ne suka yi aikin: babban jami'in rumbun bayanai na cibiyar, da mataimakinsa, da injiniyan kamfanin da ya kawo akwatin. Injiniyan ya yanka ajiyar gida goma, abin da masu sana'ar ke kira LUN. Uku ƙanana masu giga 10 kowanne na rajista da ƙuri'a ne, huɗu masu giga 500 na rukunin DATA, biyu masu giga 500 na rukunin FRA inda ake ajiye abin farfaɗo da rumbu, sai ɗaya mai giga 500 da aka nuna wa na'ura ta ɗaya kaɗai domin a ajiye kwafin tsohon rumbu kafin ƙaura. Takardar da ya miƙa tana ɗauke da sunan da ya raɗa wa kowane yanki a cikin akwatin da girmansa. Babu lambar shaidar kowane faifai a ciki, kuma a ranar ba wanda ya tambaya.

## Makon farko na Maris: faifai goma, suna arba'in

Da aka duba na'ura ta ɗaya da umarnin lsblk, sai aka tarar da faya-fayai arba'in bayan nata na ciki, daga /dev/sdb har /dev/sdao, ita kuwa ta biyu ta nuna 36, ta tsaya a /dev/sdak. Dalili shi ne Linux yana bai wa kowace hanya suna nata, don haka faifai ɗaya mai hanya huɗu yake fitowa sau huɗu.

Manhajar girkawa, gridSetup.sh, ba ta nuna ko faifai ɗaya ba a shafin zaɓe, domin duk suna hannun root, wato babban mai iko a Linux, ita kuma ASM ba ta lissafa faifan da ba ta da izinin buɗewa. Mataimakin ya mayar da mallakar duk masu giga 10 ga mai amfani grid, asusun da ASM ke aiki da shi, da umarnin chown, ya sake bincike, sai shafin ya kawo faya-fayai 12 a inda ake jiran uku. A nan babban jami'in ya tsayar da aikin, ya nuna masa cewa idan aka ɗauki uku daga cikin 12 ɗin ba tare da sani ba, yana yiwuwa hanyoyi uku ne na faifai guda aka ɗauka.

Aka kunna multipath, manhajar da ke tattara hanyoyin faifai ɗaya a ƙarƙashin suna ɗaya, aka bar zaɓin user_friendly_names a kunne. Na'ura ta ɗaya ta fitar da mpatha zuwa mpathj, ta biyu ta fitar da mpatha zuwa mpathi, lissafi ya yi daidai da takardar injiniya.

## Mako na biyu: girkawa ta wuce, rukunin DATA ya ƙi hawa

Domin izini ya dawwama, aka rubuta dokar udev, sashen Linux da ke raba izinin faya-fayai a kowane tashi, a fayil ɗin 99-oracle-asmdevices.rules, tana cewa duk faifai mai suna kaza ya zama mallakar grid da ƙungiyar asmadmin, da izini 0660. An rubuta ta ne a na'ura ta ɗaya, inda faifan kwafi ya zo na huɗu ya karɓi sunan mpathd, saboda haka aka tsallake wannan suna, aka jera mpatha zuwa mpathc, sannan mpathe zuwa mpathj. Aka yi wa mpathd tsarin fayil na XFS, aka ɗaura shi da hannu, wato aka haɗa shi da na'urar domin a iya ajiye fayiloli a ciki, aka kwafe fayil ɗin dokar zuwa na'ura ta biyu yadda yake.

Girka Grid Infrastructure, manhajar Oracle mai haɗa gungu da tafiyar da ASM, ta tafi lafiya. An ba ta /dev/mapper/mpath* a matsayin wurin neman faya-fayai, an zaɓi ƙananan ukun a matakin kariya na tsaka-tsaki, wanda ke buƙatar fayilolin ƙuri'a uku a faya-fayai uku daban, root.sh ya kammala a na'urorin biyu, kuma crsctl query css votedisk ya nuna ukun suna aiki. Binciken da manhajar ta yi kafin girkawa ya tsaya ne kan faya-fayan da aka zaɓa, su kuwa sunayensu sun zo ɗaya a ɓangarorin biyu.

Matsala ta fito ne lokacin kafa rukunin DATA. Ya kafu a na'ura ta ɗaya, amma ya ƙi hawa a ta biyu, da saƙonnin ORA-15032 da ORA-15040 da ORA-15042, waɗanda ke cewa rukunin bai cika ba, faifai ɗaya ya ɓace. Da aka duba, sai aka ga cewa a na'ura ta biyu, wadda ba ta ganin faifan kwafi, duk sunayen da ke bayan mpathc sun matso gaba da taki ɗaya: mpathd a can shi ne faifan DATA na farko, kuma dokar da aka kwafo ba ta ambace shi ba. Aka yi masa chown da hannu, rukunin ya hau, aka ci gaba da girka rumbun gwaji da niyyar komawa kan dokar daga baya. A ƙarshen wannan mako, cikin daren Asabar bayan rassa sun rufe, aka ɗauko kwafin tsohon rumbu da Data Pump aka ajiye a faifan kwafi.

## Ƙarshen Maris: ɗaukewar kuran

Zafi ya fara tsananta a Yamai. Wata ranar Lahadi kuran ya ɗauke, gurup ya yi jinkirin tashi, baturan ondilar, na'urar da ke riƙe wuta kafin gurup ya tashi, kuma ba su riƙe ba, komai na ɗakin na'urori ya mutu lokaci guda. Da wuta ta dawo, na'urorin biyu sun riga akwatin ajiya tashi, gungun ya tsaya yana neman fayilolin ƙuri'a. Babban jami'in yana reshen Tawa a lokacin, mataimakin ne ya zo, ya jira akwatin ya gama tashi, ya sake kunna na'urorin. Ta ɗaya ta dawo cikakkiya. A ta biyu DATA ya sake ƙin hawa da saƙonnin nan uku, domin Linux yana sake gina duk abin da ke ƙarƙashin /dev a kowane tashi, kuma chown ɗin da aka yi da hannu ya tafi da wutar.

Mataimakin ya gano abin da wuri. Ya kira ta waya ya ce, "Malam, dokar ce ba ta da mpathd, zan ƙara shi." Aka ce ya ƙara. Ya ƙara layin, ya sabunta da udevadm, DATA ya hau. Sannan, bisa ƙa'idar da aka koya masa cewa fayilolin saiti su zama iri ɗaya a duk na'urorin gungu, ya kwafe sabon fayil ɗin zuwa na'ura ta ɗaya. Daga wannan lokaci faifan kwafi ya zama mallakar grid, sunansa kuma yana cikin wurin da ASM ke nema. Akwai wani abu da ba wanda ya lura da shi: ba a taɓa sa faifan kwafi a /etc/fstab ba, jerin faya-fayan da Linux ke ɗaurawa da kansa a kowane tashi, don haka bai hau ba bayan tashin.

## Farkon Afrilu: faifan da aka yi rubutu a kansa

Ranar Talata, mataimakin yana duba rukunoni a asmca, manhajar sarrafa ASM, sai ya ga faifai mai giga 500 da alamar CANDIDATE, wato wanda ASM ke ganin babu mai shi. An taɓa maganar ƙara wa FRA girma a gaban injiniya, sai ya ɗauka faifan da aka yi alkawari ne ya iso. Ya duba df, bai ga komai ɗaure a kansa ba, ya ba da umarnin a ƙara shi cikin FRA. Umarnin ya dawo da ORA-15075, ma'ana faifan ba ya ganuwa a duk na'urorin gungu, ASM ta janye.

Ya kamata a tsaya kan alamar CANDIDATE, domin tana yaudarar mutane da yawa. ASM tana duba farkon faifai ne ta ga ko akwai shaidarta ko ta wani abu na Oracle. Idan babu, sai ta kira shi CANDIDATE, ko da kuwa cike yake da fayilolin XFS. Umarnin blkid ko lsblk -f ne ke nuna abin da ke kan faifai ko ba a ɗaura shi ba, shi kuwa df abin da aka ɗaura kaɗai yake gani.

Da babban jami'in ya dawo ya nemi ɗaura faifan domin gwajin ƙaura, sai ya ƙi. Umarnin blkid ya nuna nau'insa oracleasm ne a maimakon xfs, kfed read kuma ya fito da shaidar ORCLDISK da sunan rukunin FRA. ASM ta riga ta rubuta shaidarta a farkon faifan, daidai inda XFS ke ajiye babban bayaninsa, kafin ta gano cewa na'ura ta biyu ba ta ganinsa. An tattauna gwada xfs_repair, wanda kan iya nemo kwafin wannan bayani a wasu sassan faifai, amma aka yanke shawarar cewa ba za a gwada ƙaurar asusun jama'a da kwafin da aka yi wa faci ba. Tsohuwar kwamfuta tana nan tana aiki, don haka ba a rasa bayanin kowa ba. Abin da aka rasa lokaci ne: an ɗage ƙaurar daga tsakiyar Afrilu, kuma tun da ba a taɓa rumbu a makon biyan albashi, sai ta koma watan Mayu.

## Tsakiyar Afrilu: komawa ga lambar shaida

Aka dakatar da komai, aka sake kiran injiniya, mutum ukun suka zauna a gaban allo ɗaya. Suna irin sdb kamar lambar layi ce da ake miƙa wa mutum a ƙofar banki: tana nuna wanda ya riga isowa ne kawai, gobe wani ne zai riƙe ta. Sunayen mpath ɗin ma kowace na'ura tana rubuta nata ne a fayil ɗinta na /etc/multipath/bindings bisa jerin da ta fara ganin faya-fayan, babu abin da ke tilasta su zo ɗaya da na maƙwabciyarta. Abin da ba ya canzawa shi ne WWID, lambar da akwatin ajiya ke bai wa kowane yanki, wadda ake karantawa daga shafi 0x83 na SCSI, kuma iri ɗaya take fitowa ta kowace hanya a kowace na'ura.

Aka fitar da lambobin da multipath -ll a na'urorin biyu, aka tabbatar da wasu da scsi_id, injiniya kuma ya buɗe shafin akwatin yana karanta nasa. Da farko ba su dace ba, har aka gane cewa Linux yana ƙara 3 a gaban lambar domin nuna nau'inta, shi ya sa take fitowa da harafi 33 tana farawa da 36, alhali akwatin yana nuna 32 yana farawa da 6. Kuma tun da yankunan daga akwati ɗaya suke, farkon lambobin duk iri ɗaya ne, bambancin yana can wajen ƙarshe. Saboda haka ba a yarda da ido ba, aka jera lambobin kowace na'ura a fayil aka gwama da diff. Tara suka dace, ɗaya ta fito a na'ura ta ɗaya kaɗai. Daga nan aka gina jadawali guda: sunan yanki a akwati, WWID, girma, na'urorin da ke ganinsa, aikinsa, da sunan da za a ba shi. Jami'in da injiniyan duk suka sa hannu.

A /etc/multipath.conf aka kashe user_friendly_names, aka ɗaure kowace WWID da laƙabinta: asm_ocr01 zuwa asm_ocr03, asm_data01 zuwa asm_data04, asm_fra01 da asm_fra02. Faifan kwafi aka ba shi kwafi01 da gangan, sunan da ba ya farawa da asm. Dokar udev ta koma layi ɗaya mai kama duk sunan da ya fara da asm_. Yanzu fayilolin biyu za su iya zama iri ɗaya a na'urorin biyu ba tare da haɗari ba, domin abin da suke nunawa ɗaya ne a ko'ina.

Canza sunan bai buƙaci motsa bayani ba, domin ASM tana gane faifanta ne ta shaidar da ke farkonsa, ba ruwanta da sunan da ya zo da shi muddin ta same shi sau ɗaya kuma tana iya buɗe shi. Wurin da ke buƙatar hattara shi ne jerin matakai. Gungun yana nemo fayilolin ƙuri'a ne da wurin neman faya-fayai da aka ba shi lokacin girkawa tun kafin ASM ta tashi, saboda haka da an canza sunaye alhali yana kallon mpath* kaɗai, da bai tashi ba. Aka fara faɗaɗa shi da asmcmd dsset ya ƙunshi tsohon salon suna da sabon, aka tsayar da gungu a na'ura ta biyu aka canza mata, aka tayar da ita, aka yi wa ta ɗaya haka, sannan aka cire tsohon aka bar /dev/mapper/asm_* kaɗai. Daga ƙarshe aka sake yi wa kwafi01 tsarin XFS, aka sa shi a fstab da lambarsa ta UUID, aka sake ɗauko kwafin tsohon rumbu a daren Asabar.

## Ƙarshen Afrilu: gwaji

An kashe kowace na'ura ita kaɗai an kunna, an kashe su tare an kunna ta biyu kafin ta ɗaya, kuma kowane karo ana duba mallakar faya-fayan, da ocrcheck, da crsctl stat res -t. An zare wayar gilashi ɗaya ana cikin rubutu a rumbun gwaji, hanyoyi biyu daga cikin huɗu suka faɗi, aikin ya ci gaba, da aka mayar da ita suka dawo da kansu. An yi haka da kwantarola ɗaya ma. Gwajin kashe ɗakin gaba ɗaya ya maimaita abin da aka gani ranar Lahadin nan, na'urori suna riga akwati tashi, saboda haka aka hana su kunna kansu idan wuta ta dawo, aka manna takarda a ƙofar ɗakin: siwic da farko, sannan akwati, sai ya gama tashi a kunna na'urori. An kuma sauya baturan ondilar.

## Mayu: ƙaura

An yi ƙaurar a ƙarshen mako na biyu na Mayu, rassa suka buɗe ranar Litinin a kan sabon tsari. Kafin damina ta sauka kuran ya sake ɗaukewa, kuma a karon da aka kashe ɗakin da gangan domin gyaran gurup, rukunoni ukun sun hau a na'urorin biyu ba tare da an taɓa izinin ko faifai ɗaya ba. Lokacin da aka ƙara wa FRA faifai na uku daga baya, an fara rubuta shi a jadawali, an ga lambarsa a na'urorin biyu, an duba shi da blkid, sannan aka miƙa wa ASM.

## Hukunci

A ganina ba daidai ba ne a ɗora wannan lamari a kan mataimakin, ko da yake hannunsa ne ya ba da umarnin da ya ɓata kwafin. Ƙa'idar da ya bi, ta daidaita fayiloli a na'urorin gungu, ƙa'ida ce mai kyau, kuma ita ce aka koma kanta a ƙarshe. Ta yi ɓarna ne saboda an gina dokar a kan suna mai ma'ana biyu. Tushen abin yana can a ranar miƙa aiki, lokacin da aka karɓi takarda mai suna da girma kawai, alhali faya-fayai bakwai daga cikin goma girmansu ɗaya ne, ɗayansu kuma ba na ASM ba ne. Injiniyan yana magana da sunayen akwatinsa, jami'in rumbu yana magana da sunayen Linux, kuma WWID ce kaɗai kalmar da suke da ita tare.

Dama ta biyu ta wuce a mako na biyu. Ƙin hawan DATA ya riga ya nuna cewa sunayen sun saɓa, amma chown ya kawar da alamar cikin ɗan lokaci, kuma nasarar girka Grid ta sa aka ɗauka ajiyar ta zauna, alhali sa'a ce ta sa ƙananan ukun suka zo da suna ɗaya. Da an sake kunna na'ura ta biyu a ranar, da matsalar ta bayyana tun kafin a sa wani abu mai daraja a faifan kwafi. Abin da ya taƙaita ɓarnar shi ne tsohuwar kwamfuta ba a kashe ta ba, da kuma binciken da ASM ke yi a duk na'urori kafin ta kammala karɓar faifai. Da faifan yana ganuwa a ɓangarorin biyu, da ya shige FRA shiru, ba a sani ba sai ranar da aka neme shi.

Akwai rauni ɗaya da gyaran bai taɓa ba, kuma ina ganin ya kamata shugabannin cibiyar su san da shi. Kowace na'ura sai ta ga fiye da rabin fayilolin ƙuri'a kafin ta zauna a gungu, wato biyu cikin uku, amma ukun duk a akwati ɗaya suke, tare da DATA da FRA. Tsarin yana jure faɗuwar na'ura, ko waya, ko kwantarola, amma idan akwatin kansa ya tsaya, rassan duka za su tsaya da shi. Jami'in ya rubuta buƙatar ajiya ta biyu a wani gini daban domin kwafin farfaɗowa, kuma har lokacin rubuta wannan nazari tana jiran kasafin shekara mai zuwa.